Wane Keke Za Ki Saya In Za Ki Koma Ɗinki?

Yau maganarmu da ke ce, ke da kika iya ɗinki tun kina budurwa, sa'an nan aure da goyo suka sa kika ajiye shi shekara uku ko biyar, yanzu kuma kina son komawa. A ƙasarmu ta Funtuwa da Malumfashi da kaka ne kuɗi ke shigowa, in an sayar da masara da auduga, ko kwasar adashi ta zo kanki. Kuɗin nan sau ɗaya su ke zuwa a shekara, in kika zuba su inda bai dace ba sai baɗi.

Abin da ke ruɗin mata da yawa shi ne babban keken lantarki irin na shagunan teloli. Wani samfurin Juki yana yin ɗinki har 5,500 a minti ɗaya. Hannun da ya yi shekaru yana hutawa ba zai iya bin wannan gudu ba, kafin ki ɗaga ƙafa ya cinye wuyan rigar mutane. Ga kuma sha'anin wuta, kin san shi ba sai na faɗa ba.

Wannan doka ba ta ɗinki kaɗai ba ce. A bakin teku, kamar Tarkwa Bay ta Ikko, akwai masu wasan hawan igiyar ruwa a kan allo. Gwanayensu na hawa gajeren allo mai kamar ƙafa 6, amma wanda ya daɗe bai shiga ruwa ba shawarar da a ke ba shi ita ce ya koma kan dogo mai faɗi, na ƙafa 8 ko 9, har jikinsa ya tuna.

Dogon allonki ke nan shi ne baƙin keken nan da muka sani, Butterfly ko Singer. Ɗinki ɗaya ya iya, watau miƙaƙƙe, amma gudunsa a hannunki ya ke, kuma kowane mai gyara a kasuwa yana da kayansa. Saura zaɓi tsakanin na hannu da na ƙafa. Na ƙafa ya fi, don hannuwanki biyu na kan yadi. Amma in ba ki daɗe da haihuwa ba, balle in fiɗa aka yi miki, kada ki hau taka shi sai ma'aikatan asibiti sun yarda. Kan keken ɗaya ne, kina iya farawa da marfin juyawa na hannu, daga baya ki sayi teburin ƙafa ki ɗora.

In na hannu za ki saya, ina nufin wanda wata ta yi amfani da shi, kada fenti ya ruɗe ki. Ki aika da ƙyallen atamfa, ko a kawo miki keken gida. Ki ninka ƙyallen huɗu ki ɗinka, sa'an nan ki juya ki duba bayansa. In zare ya cukurkuɗe a ƙasa, ko yana tsallake, a gyara kafin ki biya. Ki taɓa haƙoran da ke jan yadi ki ji ko sun cinye. Ki saurari ƙararsa kuma, lafiyayyen keke ba ya ƙwanƙwasa.

Mai tsohon keke a ɗaki kuwa, wataƙila ba ta bukatar sabo. Ƙurar hunturu ce da busasshen mai suka riƙe shi. A share, a ɗiga man keke, don Allah ban da man gyaɗa, shi daskarewa ya ke yi. A sa sabuwar allura, lamba 14 don atamfa, 16 don yadi mai kauri.

Kada kuma ki buɗe da ɗinkin Salla. Ki fara da zanen gado da kayan makarantar yaranki na wata guda, kafin ki karɓi shaddar kowa.