Ɗan Zariya da ingarman aro

Duk wanda ya taɓa zama a karar dabbobi, ko a Mayahi ko a Tasawa, ya san akwai cinikin da dillali mai hankali ba ya sa baki a ciki. A ce ka ba da dokinka lafiyayye, wanda ya tashi a hannunka, ka karɓo wani ingarma mai ɗingishi, kuma an gaya maka ƙiri-ƙiri cewa bayan shekara guda zai iya tsinke igiya ya tafi abinsa. Da wani ya yi haka a Gidan Amumune, da sai dattawa sun kira shi gefe sun tambaye shi ko lafiya. To irin wannan cinikin ne wani mutumin da ya tashi a Zariya ya ƙulla a ƙwallon kwando na Amurka a shekarar 2018.

Sunansa Masai Ujiri. An haife shi a Ingila a 1970, mahaifinsa ɗan Najeriya, mahaifiyarsa likita ’yar Kenya, amma a Zariya ya yi wayo. Ƙwallon ƙafa ya fara bugawa kamar kowane yaro, sai yana ɗan shekara 13 ya koma ƙwallon kwando a hannun wani koci Ba’amurke da ya daɗe a Zariya, Oliver Johnson. Ya je Amurka karatu, ya yi ’yan shekaru yana wasa a Turai ba tare da ya yi wani suna ba. Da ya ajiye wasa, sai ya kama aikin farautar ’yan wasa masu tasowa ga ƙungiyar Orlando, ba albashi, kuɗin tafiya ma daga aljihunsa. Daga nan ya yi ta hawa har ya riƙe ragamar ƙungiyar Denver a 2010, sannan a 2013 ƙungiyar Raptors ta birnin Toronto a Kanada ta damƙa masa nata.

Ƙungiyar tana da kyau, amma kullum a bakin gaɓa take nutsewa. Shekara uku a jere, 2016 da 2017 da 2018, LeBron James da ƙungiyarsa ta Cleveland ne ke kore ta daga zagayen neman kofi, biyu na ƙarshen ma ko wasa ɗaya ba ta ci ba. Masai ya ga cewa gyaran fuska ba zai yi ba. Ya sallami koci Dwane Casey, a shekarar da aka zaɓe shi gwarzon masu horarwa, ya ɗora mataimakinsa Nick Nurse. Sannan ya juya ga abin da ya fi zafi.

A can San Antonio akwai Kawhi Leonard, mutum mai tafukan hannu kamar faifai, marar yawan magana, wanda ya ci kofi a 2014 kuma sau biyu ana zaɓensa gwarzon masu tsaron baya. Amma ciwo ya kama shi a jijiyar cinyar dama, har kakar 2017 zuwa 2018 wasa 9 kacal ya buga cikin 82. Likitocin ƙungiyar suka ce zai iya komawa fili, shi kuma ya ce jikinsa bai ba shi ba, ya tafi New York wajen wasu likitocin. Zama ya yi tsami, ya nemi a sake shi. Saura shekara guda kwantiraginsa ya ƙare, kuma kowa ya san zuciyarsa tana Los Angeles, yankin da aka haife shi.

Ranar 18 ga Yulin 2018 aka sanar da musayar: Kawhi da Danny Green sun koma Toronto, DeMar DeRozan da Jakob Poeltl sun tafi San Antonio. DeRozan ya yi shekara tara a Toronto, babu wanda ya kai shi yawan maki a tarihin ƙungiyar, kuma yana son garin kamar mahaifarsa. Masai yana Kenya lokacin, daga can ya buga masa waya ya gaya masa. DeRozan ya ji an ci amanarsa, kuma bai ɓoye ba. Magoya baya da yawa suka ce an sayar da ɗan gida an sayo baƙo gurgu.

Abin da Masai ya gane shi ne, doki mai ciwo ba a sukuwa da shi kullum. Aka damƙa Kawhi a hannun Alex McKechnie, wani dattijo ɗan Sikotilan, gwanin kula da jikin ’yan wasa. Duk sanda wasa biyu suka zo kwana biyu a jere, ɗaya kawai yake bugawa. Mutane su sayi tikiti da tsada, su iske shi zaune a benci da kayan gida. Aka yi ta gunaguni, amma ba a fasa ba. Wasa 60 ya buga a kakar, aka adana ƙafar don ranar da za a buƙace ta.

A zagayen neman kofi, ƙungiyoyi biyu kan kara har sau bakwai, wadda ta riga cin huɗu ta wuce. Toronto ta kawar da Orlando cikin sauƙi, amma da Philadelphia sai da aka kai wasa na bakwai, ranar 12 ga Mayun 2019. A nan wajenmu azumi ne, dare ya raba, mutane na barcin da ake yi kafin sahur. Maki 90 da 90, saura daƙiƙa huɗu da ɗoriya. Aka miƙa wa Kawhi ƙwallo, ya zagaya da gudu zuwa kusurwar dama, Joel Embiid, ƙaton nan ɗan Kamaru, yana biye da shi da hannu a sama. Kawhi ya yi tsalle ya cilla ta can sama, ƙararrawar tashi ta buga tana iska. Ta sauka a bakin ƙarfen kwandon ta yi tsalle, ta sake bugawa, ta ƙetara ɗaya gefen ta buga sau biyu. Shi kuwa ya tsuguna a gefen fili, harshe a waje, yana kallo kamar kowa. Bayan bugu na huɗu ta faɗa ciki. Embiid ya fita yana kuka. Maki 41 Kawhi ya ci a daren.

Sai Milwaukee ta Giannis Antetokounmpo, wanda iyayensa ’yan Najeriya ne. Toronto ta sha kashi a wasa biyu na farko. A na uku aka yi ƙarin lokaci har sau biyu, Kawhi ya yi minti 52 a fili yana ɗingishi a idon kowa, ya ci maki 36. Daga nan Toronto ba ta ƙara faɗuwa ba har ta wuce. A karawar ƙarshe da Golden State, ciwon da ake jin tsoro ya bi ta ɗaya gidan: jijiyar agarar Kevin Durant ta tsinke a wasa na biyar, ta gwiwar Klay Thompson a na shida. Ranar 13 ga Yuni Toronto ta ci 114 da 110, kofin ya bar Amurka karo na farko a tarihi. Kawhi ya tara maki 732 a wasa 24, kuma tare da shi akwai ’yan Afirka irin su Pascal Siakam na Kamaru da Serge Ibaka na Kongo.

Ƙarshen Yuni kwantiragin Kawhi ya ƙare, ba igiyar kowa a wuyansa. Toronto ba abin da ba ta yi ba. Gidajen abinci suka manna alamar cewa in ya zauna, kyauta zai ci muddin rai. Ranar da ya zo ganawa da shugabannin ƙungiyar, jirgi mai saukar ungulu na wani gidan talabijin ya bi motarsa a sama daga filin jirgi. Toronto na iya ba shi kusan dala miliyan 190 a shekara biyar, abin da babu wata ƙungiyar da doka ta yarda ta biya. Ya yi godiya, ya koma gida, ya sa hannu da Clippers ta Los Angeles, shekara uku kan dala miliyan 103.

Don su same shi, Clippers sai da suka sayo masa abokin tafiya, Paul George, suka ba Oklahoma wani matashi mai suna Shai Gilgeous-Alexander da damar zaɓen sabbin ’yan wasa har guda biyar. A 2021 jijiyar gwiwar Kawhi ta dama ta yage ana tsakiyar neman kofi, kakar da ta biyo baya ko wasa ɗaya bai buga ba, a 2023 gwiwar ta sake tashi. Matashin da aka bayar kuwa, a 2025 shi ne gwarzon gasar, kuma shi ya ɗauki kofi da Oklahoma.

Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Masai ya san na aro ne tun ranar da ya karɓa, bai kuma taɓa lissafin zai daɗe a jikinsa ba. Lissafinsa shi ne ya kai shi ranar biki, kuma ya kai. Shi kansa ya bar Toronto a 2025. A shekarar ce aka buɗe wani dandalin wasanni da otal da ya gina a Kigali, babban birnin Ruwanda, wanda ya raɗa wa suna Zaria Court, don tunawa da garin da ya fara jefa ƙwallo a kwando.