Me Ya Sa Ake Lallaɓa Sabon Babur?

A wannan makon shafin kimiyya na allon kulob ɗinmu ya leƙa cikin injin babur.

Duk shekara idan kaka ta yi, aka kai gyaɗa da wake da riɗi kasuwar Dawanau, sai sababbin babura su fara shigowa garuruwanmu ta hanyar Bichi ko ta Dambatta, ko ledar kujera ba a cire ba. A gidaje da yawa wannan babur noman shekara guda ne, wani ma sai an haɗa da kuɗin sa ko tumaki. Shi zai kai taki gona, shi zai kai mara lafiya asibiti, shi zai yi acaɓa ranar kasuwa. To, da zarar ya iso gida sai gardama ta tashi. Dattawa su ce a kunna shi a ƙarƙashin bishiya a bar shi yana aiki a tsaye na wasu awoyi don ya saba. Samari kuma su ce a murɗa masa totur tun ranar farko, wai babur ɗin da aka lallaɓa ba ya gudu har ya tsufa. Mun bi maganar ta fuskar kimiyya, kuma a ganinmu duk shawarwarin biyu suna iya lalata inji.

Mu fara da abin da ke ciki. Zuciyar injin wani rami ne na ƙarfe mai kama da gwangwani, shi ne silinda. A cikinsa fistan yake hawa yana sauka. Iska da fetur su shiga, fistan ya matse su, fulogi ya ba da tartsatsi, wuta ta tashi ta tura fistan ƙasa, sannan hayaƙi ya fita ta salansa. Wannan tsari mai mataki huɗu wani Bajamushe ne, Nikolaus Otto, ya daidaita shi a 1876, kuma har yau da shi Boxer da TVS ɗin da ke kan hanyoyinmu suke aiki. Idan inji yana juyi 6,000 a minti ɗaya, fistan yana hawa da sauka sau 100 ke nan a kowace daƙiƙa, wuta kuma tana tashi sau 50. Ku ɗan tsaya ku ƙirga daƙiƙa ɗaya a zuci, ku kwatanta.

A jikin fistan akwai zobba na ƙarfe, yawanci guda uku, waɗanda makanikai ke kira ringi. Biyu na sama suna toshe tsakanin fistan da bangon silinda don kada ƙarfin wutar ya zurare ƙasa. Na ukun yana share baƙin mai daga bangon don kada ya hau sama ya ƙone. Duk maganar lallaɓa sabon inji a kan waɗannan zobban take.

Da ido za ka ga bangon sabuwar silinda sumul, amma a ƙarƙashin madubin ƙara girma kamar gonar da aka yi wa huɗa yake, ga kunya ga kwari. Da gangan masana'anta take yi masa wannan kartar a gicciye, kamar saƙar tabarma. Kwarin yana riƙe baƙin mai. Tudun kuwa dole ringi ya goge kansa a hankali har ƙarfen biyu su zauna wa juna daram. Iyayenmu mata sun san irin wannan a wajen sabon dutsen niƙa: sai dutsen da ɗansa sun ci juna kafin niƙa ta yi laushi, kuma garin farko ba ya rasa tsakuwa. Ku riƙe zancen tsakuwar nan, za mu dawo kansa.

Ga abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Ba taurin ringi kaɗai ke manna shi da bango ba. Lokacin da wuta ta tashi, iskar nan mai zafi tana shiga ta bayan ringin ta tura shi waje da ƙarfi. Idan inji yana jan kaya daidai gwargwado, turawar tana da ƙarfi, ringi ya goge bango yadda ake so. Idan kuwa an bar shi yana aiki a tsaye, turawar ba ta da ƙarfi, ringi sai shafar bango yake yi. Mai ya daɗe yana gasuwa a cikin kartar har ya zama wani santsi mai ƙyalli, daga nan ringi ba zai ƙara zama daidai ba. Ƙari a kan haka, baburanmu iska ce ke sanyaya su. Waɗannan haƙarƙarin da ke jikin inji an yi su ne don iskar tafiya ta ratsa ta kwashe zafi. Babur a tsaye a watan Afrilu, ina iskar take?

Shawarar samari ita ma da nata haɗarin. Sabon inji yana da guga fiye da tsoho, guga kuma zafi take haifarwa. Fistan da alminiyam ake yinsa, bangon silinda a irin baburanmu da baƙin ƙarfe, alminiyam kuwa ya fi saurin kumbura idan ya ji zafi. Aka buɗe totur gaba ɗaya na dogon lokaci, fistan zai iya kumbura ya karce bango, ko ya maƙale ɗungurungum. Shi ne za ku ji an ce inji ya buga.

Ta yaya injiniyoyi suka tabbatar da wannan? Da wata na'ura da ake kira dainamomita, wato ma'aunin ƙarfin inji. Wani Bafaranshe masanin lissafi, Gaspard de Prony, ya ƙirƙiro wata mai sauƙi a 1821. Katako biyu ya sa suka matse ƙafar da inji ke juyawa kamar birki, ya haɗa musu doguwar sanda, ya rataya nauyi a ƙarshenta. Inji yana ƙoƙarin ɗaga sandar, nauyi yana danne ta. Idan ka san nauyin da tsawon sandar, ka san ƙarfin murɗawar injin. Ka ninka da saurin juyinsa, sai ka sami yawan aikin da yake yi a kowace daƙiƙa. A 1877 wani Baturen Ingila, William Froude, ya fito da wadda ruwa ne ke yin birkin a maimakon katako. Na zamani da yawa da lantarki suke riƙe injin, kwamfuta tana rubuta sakamako.

Ma'aunin da ake faɗa shi ne ƙarfin doki, wanda James Watt ya yaɗa don ya kwatanta injinsa na tururi da dawakan da mutane suka saba da su. Doki ɗaya kimanin wat 746 ne, kusan a ɗaga nauyin kilo 76 sama mita ɗaya a kowace daƙiƙa. 'Yan ajin kimiyya, ga lissafi: idan ɗayanmu ya jawo guga mai kilo 15 daga rijiya mai zurfin mita 10 cikin daƙiƙa 20, aikin da ya yi wajen wat 75 ne, kashi ɗaya cikin goma na doki guda. Ƙaramin babur irin na 'yan acaɓa kuwa yana ba da wajen doki 8. Shi ya sa yake hawa tudu da mutum biyu da buhu, mu kuma guga biyar sai haki.

Ta babur iri biyu ce. Akwai wadda ake ɗaura inji shi kaɗai a kanta. Akwai kuma wadda ake hawa da babur ɗin gaba ɗaya, a ɗaure tayar gaba, tayar baya ta hau kan wata gangar ƙarfe mai nauyi tana juya ta. Babur yana gudu amma bai motsa daga ɗakin ba, sai a sa masa babbar fanka a gaba ta maye gurbin iskar hanya. Ko wannan fankar kaɗai ta isa amsa ga masu cewa a bar shi a gindin bishiya. Ƙarfin da ake samu a taya bai kai na inji ba, domin giya da sarƙa suna cinye wani kaso.

Idan injiniyoyi za su gwada sabon inji, ba sa fara auna iyakar ƙarfinsa. Sai sun bi da shi mataki-mataki: juyi kaɗan da kaya kaɗan, a ƙara, a rage, a sake ƙarawa, suna lura da zafin mai da yawan iskar da ke zurarewa ta gefen ringi. A awoyin farko guga tana raguwa, zurarewar tana raguwa, ƙarfi yana ɗan ƙaruwa, har abin ya daidaita. Kamfanoni irin su Bajaj na Indiya, da Honda mai masana'anta a Ota ta jihar Ogun, daga irin waɗannan gwaje-gwajen suke fitar da ƙa'idar da ke cikin ɗan littafin da ke zuwa da babur. Gwajin da ake yi wa babur a kan ganga a ƙarshen layin haɗawa na ɗan lokaci ne kawai, don a duba giya da birki da mita. Ragowar aikin mai babur aka bar wa, kuma hanyar ƙauyenmu ce dainamomitarsa.

Yawancin littattafan nan sun fi tsanantawa a kan kilomita 500 zuwa 1,000 na farko. Kada a buɗe totur har ƙarshe, kada a figi babur daga tsaye, kada kuma a daɗe a kan gudu ɗaya. Wannan na ƙarshen shi ya fi kama mu, domin tafiyar farko ta sabon babur ita ce daga birnin Kano zuwa gida a kan miƙaƙƙiyar kwalta. Gara a riƙa ƙara gudu ana ragewa, ana canza giya, a tsaya a hanya ya ɗan huce. Da sanyin safiya na hunturu, minti ɗaya ko biyu ya isa mai ya zagaya, sai a tashi a hankali.

Yashin hanyoyinmu ma abin lura ne. Idan taya ta nutse a rairayi kuma babur yana babbar giya, za ku ji inji yana gurnani yana kakkarwa. Wannan ya fi gudu cutar da shi. A sauko ƙaramar giya ya juya cikin sauƙi. Batun buhun gero biyu, ko goyon mutum uku ranar kasuwar Dambatta, a yi haƙuri da shi har a wuce waɗannan kilomitocin. Mun san abin da wuya ga wanda ya ci bashi ya saya yana son ya fara biya, amma kuɗin fistan da ringi da aikin makanike ya fi ribar waɗancan lodin.

Yanzu ga tsakuwar da muka ce ku riƙe. Duk ƙarfen da ya goge a kwanakin farko cikin baƙin mai yake zuba. A irin waɗannan baburan mai ɗaya ne, wajen lita guda, yake yi wa inji da giya da kuloci hidima, kuma da yawansu ba su da matatar takarda irin ta mota, sai 'yar raga. Shi ya sa juyen mai na farko yake zuwa da wuri, a lokacin da littafin ya faɗa, ba sai mai ya yi baƙi ba. Wanda ya tara man farko a kwano ya kai rana zai iya ganin ƙyalƙyalin garin ƙarfe a ciki. A sayi mai a rufaffen galan irin wanda kamfani ya ambata, a guji na kwalba da ba a san asalinsa ba. A kuma riƙa duba matatar iska, musamman lokacin ƙurar hunturu, domin ƙura idan ta shiga silinda aikin sanfefa take yi.

Injin da ringinsa bai zauna ba ba ya ɓuya: hayaƙi mai shuɗi-shuɗi daga salansa, mai yana raguwa ba tare da yoyo ba, fulogi yana jiƙewa da baƙi, ga shan fetur. Kuma ƙa'idar ba ta tsaya a kan sabon babur ba. Tsohon da makanike ya sa wa sabon fistan da ringi shi ma sai an lallaɓa shi daga farko. Haka injin ban-ruwa na masu noman rani a Watari da Tomas, sai dai shi ba shi da mitar kilomita, da awa ake ƙirga masa. Littafin ƙananan injinan Honda ya ce a juye man farko bayan awa 20 na aiki, ko wata ɗaya, duk wanda ya riga zuwa.