Karatun Intanet Kyauta: Shiga da Sauƙi, Kammalawa da Wuya

A shekarar 2012 jami'ar MIT ta Amurka ta ɗora darasinta na ilimin lantarki a intanet, ta ce duk mai so ya shigo kyauta. Mutum kusan 155,000 suka yi rajista, amma da zango ya ƙare, 'yan sama da 7,000 ne kawai suka ci jarrabawa. Cikinsu akwai wani yaro ɗan shekara 15 daga ƙasar Mongoliya wanda ya cinye makin gaba ɗaya, daga baya kuma jami'ar ta ɗauke shi ɗalibi.

An yi ta yayata labarin yaron, sai dai ba kowa ke faɗin sauransa ba. Shugaban makarantarsu, wanda shi ma a MIT ya yi karatu, shi ya tara ɗalibai, ya samo wanda zai zauna da su suna haɗa wayoyi da batura da hannunsu. Wato yaron ba shi kaɗai ya yi karatun ba, akwai malami a kansa.

Wannan shi ne abin da galibin masu karatun intanet suka rasa. Dubi matashin da ya zauna bayan sallar isha'i da waya a hannu, ya taso daga aiki a gajiye. Bidiyo na tsayawa, data na ƙarewa, caji ya yi ja, malamin kuma yana zuba Turanci kamar ruwan sama. Ya kakare a wani lissafi, babu wanda zai tambaya. Mako biyu, ya watsar. Shi ya sa binciken jami'ar Pennsylvania na 2013 ya gano cewa kusan kashi 80 cikin ɗari na masu bin darussanta a dandalin Coursera sun riga sun yi karatu mai zurfi. Talakan da aka ce domin shi aka buɗe ƙofar, yana waje.

Ita ma kyautar da sauranta. Sau da yawa kallon darasi kyauta ne, takardar shaida kuwa sai da kuɗi. Dandalin edX, wanda MIT da Harvard suka kafa ba don riba ba, an sayar da shi ga kamfanin 2U a 2021 kan dala miliyan 800. Ga kuma tambayar da masu ɗaukar aiki ke yi: wa ya tabbatar mai takardar ne ya rubuta jarrabawar?

Indiya ta nuna mafita. A shirinta na NPTEL darasi kyauta ne, kwalejoji na naɗa malaman da ke bibiyar ɗalibai, jarrabawa kuma a zaure ake yin ta gaban masu sa ido, da ɗan kuɗi kaɗan, har jami'o'i na lissafa sakamakon cikin digiri.

Duk ƙasar da ke son 'ya'yanta su ci moriyar wannan ilimi, sai ta tanadi ɗaki mai wuta da intanet, da bayani cikin harshen da ɗalibi ke ji, da malamin da zai lura ranar da yaro bai zo ba, ya aika a kira shi.