Tashar Baro: Ƙauyen da Dogon Kano Ya Faro

Idan ka tambayi mutane goma ta ina jirgin ƙasa ya fara zuwa Kano, yawancinsu Legas za su ce maka. Amma dogon da ya fara isa Kano a watan Maris na 1911 daga Baro aka shimfiɗo shi, wani ɗan gari a bakin Kogin Kwara, cikin ƙaramar hukumar Agaie ta Jihar Neja a yau. Tsawon layin ya kai mil 356. A wannan ƙauye na ƙasar Nufe aka sauke ƙarafunan dogo da kawunan jirage da taragun da suka buɗe kasuwancin gyaɗar Kano.

Me ya sa Baro? A lokacin Arewa da Kudu gwamnatoci ne biyu, kowace da baitulmalinta. Masu mulkin Arewa, tun daga kan Lugga, suna son hanyar fitar da kaya wadda ba za ta bi ta hannun Legas ba, su kuma na Legas suna son nasu dogon, wanda ya isa Ibadan tun 1901, ya zarce har Kano. Kogin Kwara shi ne ƙofar Arewa zuwa teku, kuma jiragen ruwa masu tashi daga Burutu da Forkados suna iya hawowa har Baro, musamman in ruwa ya cika a ƙarshen damina. Masu masaƙu na Ingila kuma sun matsa wa gwamnatinsu lamba a buɗe musu hanya zuwa gonakin audugar ƙasar Hausa. A 1907 aka amince da aikin, aka kuma turo Fasi Jiruwa, wani injiniyan soja ɗan Kanada, ya zama gwamnan Arewa. Shi ne wanda ya shimfiɗa wa sojojin Janar Kichina na Ingila dogo a hamadar Sudan daga Wadi Halfa a 1897, saboda haka aikin gaggawa da kuɗi kaɗan ba baƙonsa ba ne.

Da araha aka tsara layin tun daga tushe. Ba a ba kamfani kwangila ba, ma'aikatar ayyuka ta gwamnatin Arewa ce ta yi shi da kanta. An sa ƙarafuna marasa nauyi, faɗin dogon ƙafa 3 da inci 6, an kuma kauce wa duk abin da zai ci kuɗi. Babban abin da ya sauƙaƙa kuɗin shi ne gumin talakawa. Turawa sukan yanka wa sarakuna adadin mutanen da za su kawo, sarki ya raba wa hakimai, hakimi ya raba wa dagatai, a kwaso manoma daga ƙauyukan Bida da Agaie da Lapai, daga baya na Gwari da Zazzau da Kano. Da diga da shebur da kwando a ka suka tara ƙasar da aka ɗora dogon. Ana biyansu da kuɗin ƙarfe na Bature, wanda hakan ya taimaka wajen ture kuɗin wuri daga kasuwa, amma mafi yawansu ba da son ransu suka zo ba, kuma da yawa sun riƙa gudu su koma gona idan damina ta faɗi.

Wannan tsimi shi ya ba ƙananan tashoshin tsohon dogo fasalin da aka san su da shi. Ginin tasha ƙasa ɗaya ne, dogo, a shimfiɗe daidai da layin jirgi. Ana ɗaga daɓensa sama da ƙasa saboda ruwan sama da gara. Rufin na kwano ne mai gangara sosai, ya zarce bango ya sauka a kan ginshiƙai, sai ya zama baranda mai faɗi tana fuskantar dogo. Wannan baranda ita ce rabin amfanin ginin: tana hana rana dukan bango, tana kare fasinja daga ruwa, kuma a nan shugaban tasha yake tsayawa ya ga jirgi tun daga nesa ta kowane ɓangare. Ɗakunan ciki ba su da yawa. Akwai ofishin shugaban tasha, inda na'urar buga waya take da littafin rubuta shigar jirgi da fitarsa. Akwai 'yar taga mai sandunan ƙarfe ta sayar da tikiti, sai ɗakin ajiye ƙananan kaya da sikeli a bakin ƙofa, da wurin ajiye fitilu da kananzir. Ana yin rufin da tsayi da tagogi masu kallon juna don iska ta ratsa, tun da babu lantarki balle fanka.

Sauran tashar tana waje. Da yake dogon layi ɗaya ne, jirgin da ya taso daga kudu da wanda ya taso daga arewa ba su da inda za su wuce juna sai a tasha. Don haka kowace tasha tana da ɗan reshe da ya rabu da babban layi ya sake komawa cikinsa. A bakin reshen akwai ƙarfen juya hanya mai nauyi, wanda ma'aikaci yake dannawa da hannu, sa'an nan ya ɗaga tuta, kore ko ja, da dare kuma fitila. Direba ba ya barin tasha sai shugabanta ya yi magana da na gaba ta waya, an tabbatar hanya a buɗe take, an miƙa masa alamar izini a hannu. Can gefe kuma ga tankin ruwa na ƙarfe a kan dogayen ƙafafu, domin kan jirgi na wancan zamani da tururi yake tafiya, yana cin kwal ko itace, yana shan ruwa mai yawa. Bayan wannan sai siton kaya, sai jerin ɗakunan ma'aikata da na leburori masu gyaran dogo. A wurare da yawa ƙarfe aka shimfiɗa a ƙarƙashin dogo maimakon katako, saboda gara.

Wanda ya lura da wannan tsari zai gane dalilin da ya sa tashoshi da dama suke a daji, nesa da gari. Buƙatar jirgi ce take zaɓar wuri: inda akwai ruwa, inda ƙasa ta miƙe, inda tazara ta isa a yi wurin kaucewa. Bida da girmanta dogo bai shiga cikinta ba, a Badeggi tasharta take. A Zariya da Kano ma bayan ganuwa aka ajiye tasha, kuma kusa da ita ne kantunan Turawa da Sabon Gari suka tashi. A ƙananan tashoshi irin su Katcha da Kataeregi, kasuwa ce take biyo jirgi, masu tallar kifi da rake da doya su yi cincirindo a jikin tagogin tarago kafin a busa usur.

Baro ta fi waɗannan da abu ɗaya: ita ce ƙarshen layi, inda dogo ya haɗu da ruwa. Tashar tana kan fili tsakanin tsauni da gaɓar kogi, kuma an kai rassan dogo kusa da inda jiragen ruwa suke tsayawa, don 'yan dako su kwashe kaya daga wannan su zuba a wancan. Kamfanoni irin su Kamfanin Neja, wanda ya shiga cikin UAC a 1929, da John Holt sun yi manyan sito a nan. Gishiri da atamfa da kananzir da siminti suna hawa Arewa, gyaɗa da auduga da ƙiraga da ƙwarar kaɗanya suna gangarawa teku. Girman siton kaya idan aka gwada shi da wurin zaman fasinja ya isa ya nuna wa mutum abin da aka gina dogon dominsa.

Audugar da aka yi aikin dominta ba ita ta cika taragu ba. Manoman Kano sun ga gyaɗa ta fi riba, kuma ko kasuwa ta faɗi ana iya cinta. Fatake irin su Alhassan Ɗantata suka shiga saye, har gyaɗar da Najeriya ta fitar a 1913 ta kai kimanin tan 19,000, alhali shekara biyu kafin nan ba ta kai tan 2,000 ba.

Sai dai tun Baro tana amarya aka yi mata kishiya. Dogon Legas ya haye Kwara ta Jebba, ya bi ta Zungeru ya haɗu da na Baro a Minna, a 1912 kuma aka haɗe hukumomin jiragen biyu suka zama ɗaya. Da aka buɗe gadar Jebba a 1916, jirgi yana iya tashi daga Kano ya sauke kaya a bakin teku ba tare da fito ba, rani da damina. Kogi kuwa in rani ya yi sai ya janye, yashi ya fito, manyan jirage su kasa hawowa. Daga nan mil 111 da ke tsakanin Baro da Minna suka koma reshe, Minna ta bunƙasa, Baro ta tsaya inda take. Ta ci gaba da aiki shekaru masu yawa, amma yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya karya safarar kaya ta kogi, manyan motoci suka ƙwace sauran, har jirgi ya daina zuwa. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da sabuwar tashar jiragen ruwa a Baro, amma an daɗe ana kokawa a kan rashin hanyar mota mai kyau da dogo mai aiki da za su kai mata kaya.

Irin waɗannan gine-gine suna nan barbaje a kan tsohon dogo, daga Ƙauran Namoda da jirgi ya isa a 1929 zuwa Nguru da ya isa a 1930. Da yawa kwanonsu ya yaye, 'yan gwangwan suna kwance ƙarafunansu. A Ebute Metta ta Legas an gyara wani tsohon gidan reluwe, Gidan Jaekel, an mai da shi gidan tarihi, kuma mutane suna zuwa kallo. Ya kamata Hukumar Jiragen Ƙasa da Hukumar Gidajen Tarihi da gwamnatocin jihohi su yi wa Baro da ire-irenta haka: a ƙidaya abin da ya rage, a rufe ginin da kwano, a sa masa mai gadi. Mu kuma da muke zaune kusa da tashoshin, mu hana a sace ƙarfe, mu kai yaranmu su gani, mu rubuta abin da tsofaffin ma'aikatan reluwe suka sani tun suna raye. Kakanninmu ne suka ɗauki ƙasar dogon nan a ka, don haka mu ya fi kamata mu kula da abin da ya rage.