Me Ya Sa Indiyawa Da Yawa Ba Sa Cin Nama?

A nan ƙasar Kabi, biki ba ya cika sai da nama ko kifi. Amma a ƙasar Indiya akwai miliyoyin mutane da ba su taɓa sa nama a baki ba. Dattawan da suka yi makarantar sakandare a Arewa tsakanin 1970 da 1985 sun ga haka ga wasu malamansu Indiyawa. To, ina wannan al'ada ta samo asali?

Da can suna ci

Yawancin Indiyawa mabiya addinin Hindu ne. Tsofaffin littattafansu, waɗanda ake kira Beda, sun fi shekara 3,000. Littattafan sun nuna cewa kakanninsu makiyaya ne. Suna yanka shanu da awaki da dawaki don bauta, kuma suna cin naman.

Yadda abin ya canza

Kimanin shekara 2,500 da suka wuce, wasu malamai biyu suka bayyana a arewacin Indiya. Sunansu Mahabira da Buda. Suka yi wa'azi a kan wata aƙida da ake kira ahimsa. Ma'anarta ita ce kada a cuci wani abu mai rai. Mutanen ƙasar sun yi imani cewa in mutum ya mutu, ransa zai iya dawowa a jikin dabba. Don haka suke ganin kashe dabba babban laifi ne.

Daga baya aka yi wani babban sarki mai suna Ashoka. Wajen shekara 260 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya yi wani mummunan yaƙi a Kalinga. Yawan gawawwakin ya sa shi nadama, ya rungumi koyarwar Buda sosai. Ya sa aka sassaƙa dokokinsa a jikin duwatsu. A ɗaya daga ciki ya ce ya rage yankan da ake yi a fadarsa zuwa dabbobi 3 a rana: ɗawisu 2 da barewa 1. Duwatsun suna nan har yau.

Sannu a hankali malaman Hindu, wato Barahmin, su ma suka bar yanka. Barin nama ya zama alamar tsarki da daraja.

Darajar saniya

Akwai kuma dalilin noma. Saniya tana ba da nono da mai. Bijimi yana jan garma. Kashin shanu taki ne, kuma da shi ake hura wuta. Manomi ya ga saniya mai rai ta fi yankakkiya amfani. A yau jihohin Indiya da yawa sun hana yanka saniya.

Ba duka ba ne

Wani bincike na 2021 ya nuna cewa cikin kowane Hindu 100, kimanin 44 ne suka ce ba sa cin nama. A yankin Bangal mai koguna, har Barahmin suna cin kifi da shinkafa, kamar mutanen Argungu.

Darasi gare mu

Mai karatu zai tambaya: to, da me suke gina jiki? Amsa ita ce wake iri-iri, gyaɗa, nono da ganye. Suna haɗa su da shinkafa ko alkama.

Mu nama halal ne gare mu, sai dai ya yi tsada. Amma duk waɗannan abubuwa muna da su. Shinkafar fadama in an haɗa ta da wake, tana gina jiki sosai. Haka fura da nono, ƙuli-ƙuli, daddawa da zogale. Uwar gida, ranar da babu kuɗin nama, kada a bar yaro da kunu zalla. A dama masa da gyaɗa, ko a dafa masa wake ya yi laushi. In an sami ɗan kifi, a ƙara masa.