Keita: yadda fim ɗin gaskiya zai ceto tarihin matan Adar

Duk wanda ya bi hanyar Keita zai ga jerin duwatsu a kan tuddai da gindin tsaunuka, waɗanda aka girka don tare ruwa da farfaɗo da ƙasar noma. Wannan aikin Furoje Keita ne, wanda ya soma a 1984, lokacin babban fari, da kuɗin ƙasar Italiya da tallafin hukumar FAO, hukumar PAM kuma tana biyan ma'aikata da cimaka. Mafi yawan waɗanda suka ɗauki duwatsun nan a ka mata ne, domin maza sun tafi bida. Rahotanni sun ƙirga eka da itatuwa, amma da wuya a ga sunan ɗaya daga cikin matan. Yau shekaru fiye da 40 ke nan, sun tsufa, kuma kowace ta rasu da labarinta take tafiya.

Me ya sa ba a rubuta tarihinsu ba?

Tarihin Adar da aka sani na sarakuna ne da malamai da mayaƙa, shi maroƙa ke rerawa, shi kuma Turawan mulkin mallaka suka tattara. Matan talakawa ba su shiga ciki ba, balle waɗanda ake dangantawa da asalin bauta. Masaniyar tarihi Benedetta Rossi, wadda ta daɗe tana bincike a yankin, ta nuna a littafinta na 2015, "From Slavery to Aid", cewa jikokin bayi na cikin waɗanda suka fi dogara da aikin furoje. Galibin matan nan ba su shiga lakwal ba, a bakinsu tarihin yake. Nan fim ya fi takarda: yana ɗaukar murya da fuska da waƙar aiki, kuma wanda bai iya karatu ba zai kalla ya gane.

Abin da ya fi ɓoyuwa shi ne wahaya, wato yarinyar da ake saye a ajiye a matsayin "mace ta biyar", ba sadaki, ba ɗaurin aure. Ƙungiyar Timidria, wadda aka kafa a 1991, ta tattara shaidun irin waɗannan mata a jihar Tawa, musamman wajen Ƙonni da Madawa da Buza da Illela. Dokar Nijar ta 2003 ta tanadi ɗaurin shekara 10 zuwa 30 ga laifin bautarwa, amma doka ba ta aiki sai an samu mai buɗe baki.

Hadijatou Mani ta buɗe nata. An sayar da ita a 1996 tana da shekara 12, a kan jika 240. A ranar 27 ga Oktoba 2008, kotun CEDEAO da ta zauna a Yamai ta ce gwamnatin Nijar ta kasa kare ta, ta umarci a biya ta miliyan 10 na sefa. Daga baya Lala Gomà da Rosa Cornet na ƙasar Sifen suka ɗauki labarinta a fim, ta faɗe shi da bakinta.

Ƴan ƙasa ma sun nuna ana iyawa. Sani Magori, ɗan Galmi, ya yi "Koukan Kourcia" a kan Zabiya Hussey, tsohuwar mawaƙiyar da waƙoƙinta suka tura samarin yankin bida zuwa ƙasashen gaɓar teku. Rahmatou Keïta ta dawo da sunan Zalika Souley, tauraruwar farko a silimar Nijar, a fim ɗin "Al'lèèssi" da aka nuna a bikin Cannes na Faransa a 2005. Aïcha Macky kuwa, a "L'Arbre sans fruit" na 2016, ta ba matan da ba su samu haihuwa ba damar faɗin abin da suke haɗiyewa.

Sai dai aikin na da haɗari. A Keita ko Buza, ambaton asalin bauta a bainar jama'a na iya ɓata auren ɗiya ko jika, ko ya tayar da rigimar gona. Mai fim zai koma Yamai, matar kuwa tana nan cikin garinta. Don haka wajibi ne a yi mata bayani da harshenta, Hausa ko Tamajak, a kan inda za a nuna fim ɗin. Ita za ta zaɓa ko a nuna fuskarta ko a rufe, kuma ta kalla kafin kowa. Idan an gama, a kawo shi gida a nuna, a bar kwafi a nan, kada ya tsaya a bukukuwan Turai kawai.

Ba sai an jira manyan kayan aiki ba. Wayar salula mai kyau da izinin mai magana sun isa a soma. Malaman makaranta, gidajen rediyon karkara da ƙungiyoyin mata na iya tambayar tsofaffin ma'aikatan furoje: wane tsauni suka yi wa aiki, nawa ake ba su, wa ke riƙe musu yara, wa ya samu gonar bayan an gyara ta? Amsoshin nan ba su cikin wani kundi, suna wajen iyayen da suka rage.