Kurakuran Tantance Nau'in Ma'ajiya a Harshen Java

Maƙasudin wannan takarda shi ne bayyana wata matsala da ke damun masu koyon rubuta manhaja, ciki har da 'ya'yan Gaya da Ajingi da ke karatun kwamfuta a jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil. Matsalar kuwa ita ce ta kalmar var, wadda ta shigo harshen Java a fitowa ta 10, cikin watan Maris na 1918 da aka ɗora wa shekara ɗari, wato 2018.

Kafin wannan lokaci, tilas ne mai rubutu ya faɗi nau'in abin da ma'ajiya za ta riƙe, ko lamba ce ko kalma. Da zuwan var sai aka bar wa tafinta, wato manhajar da ke juya rubutu zuwa harshen na'ura, ya gano nau'in daga abin da aka fara zubawa. Dabarar ba sabuwa ba ce, domin Robin Milner ya yi bayaninta tun 1978.

To, a nan ne ɗalibi kan ruɗe, ya zaci ma'ajiyar ba ta da nau'i. Alhali tana da shi, kuma ba ya sauyawa. Mu kwatanta da wakilin suna a nahawunmu: ba a cewa "ita" sai an san wadda ake nufi. Saboda haka tafinta kan ƙi karɓar var kuɗi. Domin ba a zuba kome ba. Haka kuma yakan ƙi var kuɗi = null; domin babu nau'in da zai ɗauko. Idan kuwa aka rubuta var kuɗi = 500; to ta zama ta cikakkiyar lamba, ba za ta karɓi kalma ba har abada.

Amma kuskuren da ya fi haɗari shi ne wanda tafinta ba ya kamawa. Alal misali, mai lissafin takin da aka raba wa manoman Ajingi ya rubuta var jimla = 0; sannan ya ƙara buhu biyu da rabi da jimla += 2.5, Amsar da zai samu ita ce 2. Rabin buhu ya salwanta, ba tare da gargaɗi ba. Da ya fara da 0.0, da lissafin ya cika.

Bisa ga wannan, muna ba malamai shawara su fara koyar da nau'o'in filla-filla, sa'an nan su gabatar da var.